Littafin Asibiti Da Wayar Hannu

Maganarmu ta yau da mutanen ƙasar Isa da Sabon Birni ce musamman, amma kowa ya kasa kunne, gama abin ya shafi kowa.

Na sani da yawa daga cikinku sun taɓa jin haushi a ɗakin shan magani. Ka kai yaro jikinsa zafi rau, kana ƙosawa a ba shi magani, sai malamin asibiti ya buɗe wani babban littafi ya shiga tambaya: yaya sunansa, shekarunsa nawa, daga wane gari, yaushe ciwon ya fara. Wani lokaci ma ka ga ya ɗauko waya yana latsawa. Sai ka ce a ranka, malamin nan ɓata mini lokaci ya ke yi. To, bari in gaya maka inda wannan rubutu ya ke zuwa, da aikin da ya ke yi.

Idan wata ya ƙare, malamin ya kan zauna ya ƙidaya abin da ke cikin littafin: masu zazzaɓin cizon sauro kaza, masu gudawa kaza, mata masu awon ciki kaza, yaran da aka yi wa allurar rigakafi kaza. Sai ya aika da lissafin zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Can akwai ma'aikacin da zai shigar da shi cikin kwamfuta, a wani tsari da a ke kira DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙaga, Gwamnatin Nijeriya kuma ta ɗauke shi don dukan jihohi. Da zarar ya shiga, manyan ma'aikatan lafiya na Sakkwato da na Abuja suna iya ganinsa. Da irin wannan lissafi a ke duba yawan magani da allura da ma'aikatan da ko wane wuri ke bukata. Garin da ba a rubuta marasa lafiyarsa ba, a idon mai rabo kamar kowa lafiya lau ya ke, sai rabonsa ya ƙaranta.

Amma akwai cututtukan da ba a jiran ƙarshen wata dominsu, watau irin su sanƙarau, da amai da gudawa, da ƙyanda, da shan inna. Waɗannan, ko mutum ɗaya aka yi zaton ya kamu, tilas a ba da labari kafin kwana ya zagayo. Ko wace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai sa ido kan cututtuka, shi a ke gaya wa. Shi kuwa ya shigar da labarin ta waya ko kwamfuta cikin wani tsari mai suna SORMAS, wanda masanan Nijeriya da na Jamus suka haɗa bayan cutar Ebola ta 2014.

Ga amfanin na'urar. A ce malamin Gatawa ya ga mutum biyu masu sanƙarau, na Kurawa ya ga uku, na Turba ya ga biyu. Ko wannensu zai ɗauka abin bai kai a damu ba, don bai san abin da ɗan'uwansa ya gani ba. Kwamfuta ita ce ke haɗa su wuri ɗaya, ta nuna su bisa taswira. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan a mako ɗaya aka sami mutum 3 cikin dubu ɗari da alamun sanƙarau, sai a shiga shiri. Idan sun kai 10, annoba ce, sai a yi hanzarin kawo magani da allura.

Mun ga abin da jinkiri ke jawowa. A watan Disamba na 2016 sanƙarau ya ɓulla a Zamfara, maƙwabtanmu. Duk da haka labari bai kai ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau NCDC, ba sai a Fabrairu na 2017. Kafin cutar ta lafa, an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka riga mu gidan gaskiya. Jiharmu ta Sakkwato na cikin waɗanda suka fi shan wahala.

Ga kuma misali na cikin gida. A 2024 aka fara ganin yara a ƙasar Isa cikinsu na kumbura da ruwa, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama, yawancinsu 'yan shekara 4 zuwa 13. Ran 21 ga Maris Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta sanar da NCDC, aka turo likitoci. Zuwa farkon Afrilu an rubuta mutum 164, huɗu sun rasu. Da ya ke an rubuta garin kowa, sai aka ga 98 daga mazaɓar Isa ta Kudu su ke, 22 daga Bargaja, 17 daga Isa ta Arewa, sauran daga Tozai da Turba da Tsabre. Binciken farko ya nuna ba irin cutar da wani ke ɗauka daga wani ba ce, aka kuma ga dalma a jinin waɗanda aka fara aunawa. Saboda haka aka ɗebi ruwa da ƙasa da hatsi don a gwada. Ka gani, tambayar nan ta "daga wane gari" ita ta nuna wa likitoci inda za su dosa.

Sai dai fa na'ura ba ta san gaibu ba. Abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa. Don haka ga abin da mu ke roƙonku.

Na farko, ku kai mara lafiya asibiti da wuri. Wanda ya yi jinya a gida har ya cika, ba ya cikin lissafin kowa, cutar kuma ta sami damar kama na kusa da shi.

Na biyu, ku faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗi ainihin garinku, ko da gudun hijira ya kawo ka inda ka ke, ka faɗi wurin da kuke kwana yanzu da rijiyar da kuke sha. Wannan rubutu ba na haraji ba ne. Lissafin wata ma adadi kaɗai ya ke ɗauka, ba sunaye.

Na uku, iyaye mata ku adana katin rigakafin yaro kamar yadda ku ke adana kuɗi. Mun san halin da ƙasarmu ke ciki, mutane da yawa sun bar gidajensu, waɗansu har sun ƙetara jihar Maraɗi. Idan tashi ya kama, ku sa katin cikin leda ku tafi da shi. Duk asibitin da kuka je, da shi za a san allurar da ta rage.

Na huɗu, mai unguwa da hakimi da liman da ungozoma, idan kun ga mutum biyu ko uku sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ko yaro ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ku gaya wa malamin asibiti ran nan. Akwai kuma lambar NCDC, 6232, kiranta kyauta ne.

Ku kuma malaman asibiti, ku cika littafi a ranar da kuka ga mara lafiya, kada ku bari sai ƙarshen wata ku yi cike da ka. Makon da ba a sami kowa ba, ku aika ku ce babu, don shirunku ba ya nuna lafiya. Waya kuwa ta kan yanke. Kun tuna a Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Isa da Sabon Birni. Idan haka ta faru, ku rubuta a takarda ku ba amintaccen mutum ya kai.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.