Jawabin Kwamitin Ofis Kan Kwamfuta da Imel



Bara kwamfutar ofishinmu na nan Manshiya ta kamu da cuta, sanadiyyar manhajar sata da aka ɗora mata. Lissafin bashin dabino da kayan da suka tafi Agadas saura ƙiris ya salwanta, Allah ya sa muna da kwafi a filashi. Tun daga nan muka koma LibreOffice. Kyauta ce, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma rubuta Larabci daga dama in an kunna shi a saitin harsuna. A sauke ta daga shafinta na asali kawai, kuma kada a fara sabuntawa sai batir ya cika, kun dai san halin wutar Sabha. Masu Windows 10 su sani, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta ranar 14 ga Oktoba 2025.

Amma imel ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya wuce Gatrun da Tummo, ya sauka Dirku, ya nemi buɗe Gmail a wayar wani, sai lambar tabbatarwa ta tafi layinsa na Libiya da ba ya kamawa a can. Takardar kaya na ciki, direba na jira. Google na ba da lambobin ajiya guda 10, kowace ana shiga da ita sau ɗaya. Mai shirin tafiya ya biyo ofis bayan la'asar mu buga masa, ya naɗe cikin fasfo. Kalmar sirri kuwa kada a rubuta ta a takardar.