Jawabi Ga Jama'ar Zango A Kan Yadda Karatu Ke Zama A Ka



Kun dai sani yanzu saye da sayarwarmu ya kai birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda ake cin babbar kasuwar baje koli tun 1957, inda kuma mutanenmu ke sauka a unguwar Xiaobei. Waɗansunmu har sun aika da 'ya'yansu makarantun birnin, kamar Jami'ar Jinan, domin su koyi Sinanci mu huta da biyan tafinta. To, rubutun Sin ba baƙaƙe ba ne irin namu. Alamu ne, waɗanda ake amfani da su yau da kullum sun kai 3,500. Yaro ya koyi ashirin yau, jibi ya nema ya rasa, kuɗin uba kuwa suna tafiya. Ina maganin wannan?

A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kansa. Ya tarar cikin sa'a guda fiye da rabin abin da ya haddace ya zube, sa'an nan zubewar ta rage sauri. Ya kuma ga bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka yi a zama ɗaya. Watau rabin sa'a kullum ya fi kwana a kan littafi daren jarrabawa.

A 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka raba ɗalibai. Waɗansu suka yi ta maimaita karanta takarda, waɗansu suka karanta sau ɗaya, aka ɗauke takardar, suka riƙa rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Amma bayan mako guda masu kawowa da ka sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, su kuwa kashi 40 kaɗai. Ashe duban takarda yana ruɗin mutum, ya zaci ya iya.

Jama'a, wannan ba baƙo ba ne gare mu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam da ka, mahaddaci kuma ba ya barin tilawar baya don ya sami sabon karatu. Malamanmu sun daɗe a kan wannan hanya, masana sun zo sun auna ta ne.

Saura dabara ɗaya. A 1956 George Miller ya nuna hankali ba ya ɗaukar abubuwa barkatai da yawa a lokaci guda, sai an ƙulla su. Alamun Sin kuwa haɗe-haɗe ne: alamar mutum a jikin alamar itace, ma'anarta hutawa. Wanda ya gane haɗin ya riƙe abu ɗaya maimakon zane shida.

Saboda haka ga roƙonmu. In kun kira yaranku, kada ku tsaya ga tambayar sa'a nawa suka yi karatu. Ku tambaye su ko sun rufe littafi sun rubuta da ka, ko sun koma kan na jiya da na makon jiya, ko sun shiga kasuwa sun yi ciniki da abin da suka koya. Malaman makarantunmu na nan zango su ma su fara darasi da tambayar na baya.

Allah Ya ba yaranmu ilmi mai amfani.