Da Ɗalibai Muka Tsara Darasin Farko na Ilmin Tsara Birane

Jawabin da malaman sashen tsara birane da yankuna suka gabatar a taron reshe



Mun nemi a ba mu 'yan mintoci ne domin mu ba da bayanin wani aiki da muka yi a sashenmu, wanda labarinsa ya riga mu isa ɗakin shan shayi na malamai, har wasu na cewa mun miƙa wa ɗalibai alli da allo mun koma gefe. Abin da ya faru shi ne, mun gayyaci ɗaliban ajin ƙarshe su zauna tare da mu, mu sake tsara darasin gabatarwa da ake koya wa 'yan ajin farko. Su ne suka bi ta cikin darasin shekarun baya kaɗan, sun kuma fita aikin sanin makama sun ga abin da ya amfane su da abin da ya tsaya a takarda.

Dalilinmu na farko daga cikin fannin kansa ya fito. Tun zamanin Patrick Geddes, masanin nan ɗan Sikotilan da ya yi aiki a biranen Indiya a farkon ƙarni na 20, ake koyar da cewa ba a zana taswirar gari sai an zaga shi, an san mutanensa, an ji ta bakinsu. Kowace shekara muna nanata wa ɗalibai cewa tsarin da aka yi wa jama'a ba da saninsu ba, ƙarshensa ya kwanta a durowar ofis. To, manhaja ita ma tsari ce, mazauna cikinta kuwa ɗalibai ne. Muka ga bai kamata mu riƙa wa'azin shawara da jama'a a aji, alhali darasin da muke wa'azin a cikinsa ba a taɓa shawartar kowa a kansa ba.

Dalili na biyu ya shafi ƙungiya kai tsaye. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen shekarar 2022 ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Matsayin ƙungiyarmu a kan wannan rabo sananne ne, ba kuwa mu zo sake shi ba: tsara manhaja haƙƙin majalisar malamai ta jami'a ne. Amma wanda ke neman a mayar masa da gonarsa, ya kamata a ga yadda ya noma ɗan kuyyan da ke hannunsa.

Tsohon darasin yana farawa ne da ma'anar birni, ya bi ta biranen Masar da Girka da Rum, ya zo juyin masana'antu a Ingila, sannan a makonnin ƙarshe, idan yajin aiki ko hutu bai cinye lokacin ba, a taɓo Nijeriya. Ɗaliban ba su ce a jefar da wannan ba. Cewa suka yi a juya shi: a fara daga ƙofar gida. Mako na farko kowane ɗalibi ya zana unguwarsu da hannu, ya nuna inda ake ɗebo ruwa, inda ake zubar da shara, inda ruwan sama ke bi, da tazarar gidansu zuwa makarantar firamare da asibiti mafi kusa. Sai bayan haka a ba shi sunayen da littafi ke kiran waɗannan abubuwa.

Daga nan suka kawo maganar da ta fi ɗaukar mana lokaci, wato awon igiya. Akasarinsu a irin waɗannan unguwanni suka tashi, inda mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya sa hannu a takarda, aka bar lungun da a-daidaita-sahu ba ya iya juyawa a ciki, balle motar kashe gobara. Littattafanmu kan ambaci irin wannan a babi guda a matsayin matsala. Ɗaliban suka ce ai nan ne mafi yawan talakawan birni suke samun muhalli, saboda haka wanda zai yi aikin tsara gari dole ya san yadda cinikin yake gudana, wa ke cin riba, me ya sa mutum ke gwammace takardar mai unguwa a kan jiran takardar shaidar mallaka daga gwamnati. Suka nemi a koyar da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, a mako ɗaya da ziyarar unguwar awon igiya, domin ɗalibi ya ga doka da abin da ke ƙasa a lokaci guda. Mun karɓi wannan, muna kuma ganin ya fi yadda muke yi a da.

Ɗalibai mata su ne suka tsaya kai da fata a kan ruwa. Suka ce taswirar da ba ta nuna rijiya da famfo da hanyar 'yan garuwa ba, taswirar mai mota ce. Ta bakinsu batun kududdufai ya shigo. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san cewa ramukan nan an same su ne daga haƙar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. Idan aka cike su aka yi gini, ruwan bai daina sauka ba, sai ya nemi ɗakin wani. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, tana cikin zukatansu ƙwarai, suka ce ɗan ajin farko ya fara koyon karanta tudu da kwari tun kafin ya koyi zana titi.

Ba ko'ina bakinsu ya zo ɗaya ba. Wani ɓangare ya so a rage tarihi a cika makonnin da koyon zanen taswira a kwamfuta, domin da shi ake samun aiki. Ɗaya ɓangaren ya ce kwamfutocin sashen ba su isa ba, wutar ma ba ta tsayawa, kuma wanda bai san dalilin da ya sa gari ya ɗauki siffarsa ba, kwamfuta za ta taimaka masa ne kawai ya yi kuskure cikin sauri. Muka bar su suka yi ta muhawara har zama biyu. Abin da suka daidaita a kai ya burge mu: tarihi ya zauna, amma ya zama na garuruwan da ɗalibi zai iya takawa da ƙafarsa. Ganuwar Kano da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa na zamanin Muhammadu Rumfa, yadda Dokar Garuruwa ta 1917 da ƙa'idar barin fili na yadi 440 suka raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, tsarin Kaduna da Max Lock ya fitar a 1967, da babban tsarin Abuja na 1979. Kowane ɗaya a tambaye shi tambaya guda: wa aka shawarta, wa aka tasa?

Akwai kuma inda muka ce a'a, kuma yana da kyau reshe ya ji. Sun ba da shawarar a soke jarrabawar ƙarshen zango a maye gurbinta da aikin rukuni. Ba mu yarda ba. Aikin rukuni yana ɓoye malalaci a bayan mai himma, kuma sa hannun malami ne ke kan sakamako, shi za a tuhuma idan an sami tangarɗa. Haka nan sun so a rage Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 saboda a cewarsu busasshiya ce. Busasshiya ce kam, amma wanda zai nemi rajista a majalisar ƙwararrun fannin wata rana ba shi da makawa sai ya san ta. Ɗalibi ya san inda takalmi ke matsa masa. Bai san duk tsawon tafiyar ba tukuna. Mun faɗa musu haka tun zaman farko, cewa shawara tasu ce, hukunci na kwamitin sashe ne, kuma duk shawarar da aka ƙi za a faɗi dalili a rubuce. Wannan alkawari na ƙarshe shi ya sa suka ɗauki aikin da gaske.

Ba mu ne farau ba. A Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ɗalibai ne suka ƙirƙiro wani darasi kan ɗan'adam da muhalli a 1992, daga baya ya zama cibiya sukutum inda ɗalibai ke tsara darussa tare da malamai. Sai dai yanayinsu daban, namu daban, kuma a nan ne muke buƙatar reshe.

Aikin ya ci sa'o'i masu yawa da ba sa cikin jadawalin kowa, ba a lissafa su a nauyin koyarwa, ba sa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Fita da ɗaliban ajin farko zuwa unguwanni na buƙatar mota, da takardar gabatarwa zuwa ga hakimi da masu unguwanni, da sanin wanda zai ɗauki alhaki idan wani abu ya sami ɗalibi a hanya. Sannan akwai haɗarin da ya fi waɗannan: kada wata rana a ce tun da manyan ɗalibai sun iya tsara darasi, to su riƙa koyar da shi, a huta da ɗaukar sababbin malamai. Idan aka kai nan, abin da muka fara domin inganta koyarwa ya zama sandar dukanmu.

Saboda haka muna roƙon reshe ya kafa ƙaramin kwamiti da zai rubuta ƙa'idojin irin wannan haɗin gwiwa kafin wasu sassan su fara: a lissafa sa'o'insa cikin nauyin aikin malami, a ba ɗaliban da suka shiga takardar shaida, a kuma fayyace cewa koyarwa da bayar da maki suna hannun malami. Daftarin darasin yana ofishin sakatare ga duk mai son dubawa, tare da jerin shawarwarin da muka karɓa da waɗanda muka ƙi, kuma za mu so jin ra'ayin 'yan'uwa na sashen labarin ƙasa da na zanen gine-gine kafin kwamitin sashe ya zauna a kansa.