Manhaja ba ta san nauyin kwando ba

Shugaban taro, iyayen ƙasa, malamaina, jama'ar Furana da baƙinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan, ina gaisuwa. An ba ni minti ashirin, don haka a yafe mini jerin sunaye.

An ce in yi magana a kan manhajojin kasuwancin intanet da na jigilar kaya. Wasu abokan aikina da ke zaune a gaba sun riga sun san inda zan dosa, domin mun shekara muna wannan gardama. Su dai karatunsu ɗaya ne: a ƙirƙiro manhaja, manomi ya ɗora hoton tumatirinsa, mai saye a Legas ya danna, dillali ya mutu. Ni kuwa na ce wanda duk ya faɗi haka bai taɓa kwana a bakin kasuwa ana lodi ba.

Me dillali yake yi? Shi ya san wane ne mai biya, wane ne mai cin bashi. Shi ke ba manomi kuɗin taki tun kafin dashe. Shi ke kiran ɗan'uwansa a kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba ya ji mota nawa ta sauka, sannan ya yanka farashi. Shi ke tsaya wa direba idan mota ta lalace a Mokwa. Ajiyar bayanai, tantance mai saye, lamuni, bin sawun kaya: abubuwan da kamfanoni ke sayar mana da sunan fasaha ke nan, shi kuma yana ɗauke da su a ka da wata tsohuwar waya mai madannai. La'adarsa ta yi yawa? Wani lokaci ƙwarai. To a rage ta. Amma ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Kwando.

Kowace manhajar ciniki, daga Amazon har Jumia, a kan abu ɗaya take tsaye: kayan da aka rubuta shi ne kayan da zai iso. Lamba ɗaya, nauyi ɗaya, iri ɗaya. To ku faɗa mini, kilo nawa ne kwandon tumatir? Na wannan gari daban, na wancan daban. A gari ɗaya ma, na safe da aka yi wa tozo daban da na yamma. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro yana cika kwando: ƙanana da masu tabo a ƙasa, manya jajaye a sama, ya rufe da takardar buhun siminti ya ɗaure. Bai ɗauki wannan ha'inci ba, haka ya taso ya ga ana yi, mai saye ma ya sani, shi ya sa yake zura hannu har gwiwa kafin ya taya. Ta ina mutumin Legas zai zura hannu a cikin waya?

Sannan a jibga kwandunan nan bisa juna a tirela, a yi kwana biyu ko uku a hanya. Na ƙasa sun zama miya kafin a kai Ilori, ruwan yana ɗiga a kwalta. Manhaja za ta nuna maka motar a taswira, ɗigo yana tafiya, amma ba za ta hana na sama danne na ƙasa ba. Akwatin roba ne zai hana. Ana jera shi ba ya matse kaya, girmansa ɗaya ko'ina, ana wanke shi a sake amfani da shi. Kuma a nan ne kwamfuta take da aikin yi na gaske: akwati sai ya dawo, ba kamar kwando ba da ake yarwa. Wa ya karɓa, guda nawa, yaushe zai mayar, nawa ne haya? Wannan lissafi ne da ya fi ƙarfin littafin dillali. Rashin awo ɗaya kuma bai tsaya a kwando ba: haka damin rake na Maƙarfi, haka mazarƙwaila, haka buhun masara mai kunne da marar kunne. A fara da sikeli.

Ana cewa mutanenmu ba sa karɓar fasaha. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, cikin 'yan makonni mai shayi da mai rake suka koyi taransifa, kowa yana jiran alat. OPay da Moniepoint sun shiga ƙauyuka ba tare da wani taron wayar da kai ba. eNaira kuwa, da aka ƙaddamar da ita da ganga a Oktoban 2021, a ɗaga hannu wanda ya taɓa sayen mudun gero da ita. Ban ga hannu ba.

Za a kawo mini misalin kamfanin Babban Gona, a ce ai suna aiki da manhaja. Gaskiya ne, amma da ma'aikata a gona da rumbunan ajiya suka fara, wayar daga baya ta hau kai. Ga kuma abin da manhaja ba ta magancewa: ku tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da 'yan kasuwar abinci da shanu suka tsayar da kai kaya Kudu bayan rikicin Shasha a Ibadan. Tumatir ya rasa mai saye a nan, a can ya yi tsadar zinariya. Da masana'antar tumatir ta Ikara tana aiki yadda aka gina ta don ta yi, da an sami wurin juye wani abu.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Ƙananan hukumomin nan uku, Ikara da Maƙarfi da Kudan, su haɗu su sa sikeli a kowace kasuwar kayan gwari, su tsayar da awo ɗaya. Ƙungiyoyin dillalai su mallaki akwatunan haya, manhajar lissafin ta zama tasu, da Hausa, da saƙon murya, ta kuma yi aiki ko sabis ya ɗauke. Kuɗin da ake kashewa a tara matasa kwana uku a otal a Kaduna a raba musu satifiket, a ɗauko 'ya'yan dillalai da na direbobi a koya musu a nan, cikin kasuwa, ranar kasuwa.

Shugaba yana nuna mini agogo. Na ga Malam a can ya riga ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifikar.