Wanda ya ruga wurin gobara: jawabi ga matasan ƙungiya

  

An ce in yi magana kan sadaukarwa, sai na zaɓi batun gobara, don ita ce jarrabawar da ba ta ba mutum lokacin shawara.

Ranar 11 ga Satumba 2001, wani saurayi Musulmi, Muhammad Salman Hamdani, ɗan shekara 23, haifaffen Karachi da ya girma a New York, ya fito za shi aiki. Ya hango hayaƙi na tashi daga dogayen benayen nan biyu. Ba wanda ya aike shi, amma ya koyi aikin agajin gaggawa, sai ya nufi wurin. Bai dawo ba. Da aka rasa shi, har zargi aka yi cewa da hannunsa a harin. Sai a watan Maris 2002 aka tabbatar wa iyayensa an samu gawarsa cikin ɓaraguzan, da jakar magungunansa kusa da shi. Magajin garin New York da kansa ya halarci jana'izarsa a masallaci.

Ƴan'uwa, ba sai mun je Amurka ba. A 1982 wuta ta cinye babbar kasuwar Yamai. A watan Mayu 2019 tankar mai ta faɗi kusa da filin jirgin Yamai, mutane suka taru kwasar mai, ta kama da wuta, sama da mutum 50 suka rasu. A Afrilu 2021 yara kusan 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, aka sake yin irinta a Maraɗi, yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. Allah ya jiƙan su.

A irin wannan sa'a, wa ke fara isowa? Maƙwabta, da samari irinmu. To mu nan, kafin motar ƴan kwana-kwana ta taso daga birni, rumbu ya zama toka. Ku duba garinmu da rani: darnin kara, harawa bisa rumfa, man fetur cikin kwalabe a bakin hanya, ga iskar hunturu. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Hadisi ya lissafa wanda wuta ta kashe cikin shahidai, haka ne. Amma Annabin da ya yi wannan bushara shi ne ya umarce mu da kashe wuta kafin mu kwanta, bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina. Kenan addini bai ce mu afka da ka ba. Hamdani ya je da zuciya, amma ya je da ilimi.

Ga abin da kowa zai riƙe. Wutar fetur ko ta man girki ba a zuba mata ruwa, da rairayi ake danne ta. In hayaƙi ya cika ɗaki, a sunkuya ƙasa a fita, don sau da yawa hayaƙin ke kashe mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna, a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge haƙori. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ku sa ta cikin wayoyinku yau ɗin nan.

Roƙona ga shugabanni shi ne kafin hunturu ya kama, mu fitar da samari goma a kowace unguwa, mu nemi Croix-Rouge ta horar da su, a ajiye bokitin rairayi a ƙofar kowane masallaci da makarantar allo. Ƴan'uwa mata su shiga, don su ke kusa da murhu, su ne kuma kusa da yara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maraɗi kuwa ba nisa.

Allah ya tsare mu daga wutar duniya da ta lahira, ya gafarta wa waɗanda suka rasu wajen ceton wasu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.