A KULA DA WUYAN HANNU WAJEN MOTSA JIKI

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in kiwon lafiya ya yi wa samari a ajin yaƙi da jahilci, bayan an tashi daga karatu.

Bayan sallama da gaisuwa, jami'in ya ce da zarar an kawar da amfanin gona, samari sukan shiga motsa jiki. Wasu shirin kokawa ko dambe suke yi. Wasu kuma aikin soja ko ɗan sanda suke nema. Abin da suka fi yi shi ne su kifa ciki, su dafa ƙasa da hannu biyu, su riƙa ɗaga jiki suna saukewa. Wannan yana ƙara ƙarfin damtse da ƙirji. Amma da yawa sukan ƙare da ciwon wuyan hannu.

ME KE KAWO CIWON?

Ya ce wuyan hannu ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne, jeri biyu, huɗu-huɗu, jijiyoyi suka ɗaure su. Idan mutum ya dafa ƙasa, wuyan hannu yakan tanƙware baya sosai. A wannan hali, wajen kashi biyu cikin uku na nauyin jiki yana kan hannu. Wato mai nauyin kilo 60 ya ɗora wa hannuwansa wajen kilo 40. Wannan nauyin jarka biyu ne na ruwa, masu cin lita 20. Gaɓar da ba ta saba ba, dole ta yi ciwo.

YADDA ZA A KIYAYE

Jami'in ya kawo shawarwari guda biyar.

1. A fara ɗumama hannu. A jujjuya wuyan hannu sau 10 dama, sau 10 hagu. A buɗe yatsu a rufe.

2. A dafa daidai. Tafin hannu ya zauna a ƙarƙashin kafaɗa. A ware yatsu, su kalli gaba, a danna ƙasa da su. Kada nauyi ya taru a gindin tafin hannu kaɗai. A zaɓi wuri mai tauri, wanda ba tudu da kwari. A cikin rairayi gindin hannu yakan nutse, tanƙwarar ta ƙaru.

3. A fara da mai sauƙi. Sabon shiga ya dafa bango yana tsaye. Idan ya saba, ya koma dafa benci. Daga nan ya sauka ƙasa, gwiwoyinsa na taɓa ƙasa. Sai daga baya ya miƙe ƙafa.

4. Wanda tanƙwarar ke damunsa ya dunƙule hannu, ya dafa a kan buhu da aka ninka. Ta haka wuyan hannu zai tsaya a miƙe.

5. A ƙara kaɗan-kaɗan, kuma a riƙa tsallake kwana ɗaya don hannu ya huta. Kada a biye wa gasar abokai. Sannu ba ta hana zuwa.

IDAN CIWO YA ZO FA?

Ya ce gajiyar damtse ba komai ba ce. Amma suka a cikin gaɓa gargaɗi ne, sai a tsaya nan take. A ɗora tsumma mai ruwan sanyi kamar minti 15, a hutar da hannun. Ya gargaɗi samari kada su sha ƙwaya don su danne ciwo su ci gaba. Ƙwaya tana ɓoye ciwon ne, ɓarnar kuwa tana ƙaruwa.

Akwai alamun da ke nuna a tafi asibiti: kumburi, ko kasa riƙe abu, ko yatsu su riƙa mutuwa, ko ciwon da ya wuce mako biyu. Haka kuma wanda ya faɗi a kan hannu, ya ji ciwo a gindin babban yatsa, kada ya ɗauka targaɗe ne kawai. Akwai ɗan ƙashi a wurin da kan tsage, sai an ɗauki hoto ake ganewa. In an bar shi, yana iya ƙin haɗewa.

A ƙarshe jami'in ya ce hannu shi ne jarin manomi. Wanda ya lalata wuyan hannu da rani, da me zai riƙe fartanya da damina? Ya roƙi waɗanda suka iya karatu su karanta wa 'yan'uwansu wannan bayani.