Labaran Ban Tsoro na Garuruwanmu da Tarihin da Suke Ɗauke da Shi

 

Da wuya a sami gari a ƙasar Hausa, komai ƙanƙantarsa, da ba shi da wurin da ake hana yara zuwa bayan magariba. Wani garin kuka ce a bakin kasuwa, wani tsamiya ce a hanyar rafi, wani kuma kufai ne da aka ce ana jin kiɗa a cikinsa da tsakar dare. Da yawa cikinmu, da muka yi karatu, mun tattara waɗannan labarai mun kira su camfi. Abin da na zo in faɗa yau shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa labarin ban tsoro shi ne kaɗai abin da ya rage na tarihin gari, kuma shi ya yi gadin wurin har ya iso gare mu.

Mu fara da Daura. Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu da macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya zo da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa ya sare kan macijin, ya auri sarauniya Daurama. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajidda mutum ɗaya ne. Amma dubi abin da labarin ya adana: ya nuna cewa mata sun yi sarauta a Daura kafin ta koma hannun maza, ya nuna darajar maƙera, ya kuma nuna cewa wanda ya mallaki ruwa shi ya mallaki gari. Rijiyar tana nan har yau, kuma ba don labarin macijin ba, da wuya a kula da ita haka.

A Kano ma, kafin ta zama birni, 'yan ƙauyuka ne a gindin Dala. Littafin tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, da bishiyar da aka kewaye da katanga, wadda ba mai shiga wurinta sai Barbushe. Daga baya masu tonon kayan tarihi suka gano alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Haka a Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, inda bakin mutane ya riƙe cewa sarakunan Durɓawa ne ke kwance a ƙarƙashin tuddan wurin. Da aka tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, sai ga kaburbura da mundaye da wuri da tasoshin ƙarfe, waɗansu daga ƙasashe masu nisa. Maganar tsofaffi ce ta nuna wa masu bincike inda za su sa diga.

Misalin da ya fi taɓa zuciyata yana Lugu, ƙauyen Azna a yankin Dogondutsi na Jamhuriyar Nijar. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta riƙa ƙona garuruwa a kan hanyarta, ta far wa Lugu. Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi yaƙi, sannan suka shige daji. Mutane suka ce ta rikiɗe ta zama damisa, kuma asirinta ne ya bi Turawan. A watan Yuli na shekarar, sojojin rundunar da kansu suka harbe Voulet da Chanoine a yankin Tasawa. Ba lallai ne mu yarda mace ta zama damisa ba. Amma wannan labari ne ya riƙe sunanta a bakin talakawa shekaru tamanin, kafin Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a kanta a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim a 1986. Mutanen da ba su da alƙalami sun rubuta baƙin cikinsu da jaruntarsu da abin da suke da shi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban zo kiran kowa ya yanka baƙin bunsuru a gindin kuka ba; tauhidinmu ya raba mu da wannan. Akwai kuma labaran da suke cutarwa. Jita-jitar maita ta sa an wulaƙanta tsofaffin mata marasa gata, kuma zargin satar mazakuta ya sa an kashe bayin Allah a kasuwanni da tashoshi ba tare da shari'a ba. Irin wannan wajibi ne malamai da hukuma su yaƙe shi. Bambancin a fili yake: labarin da ke nuna wuri yana adana tarihi, wanda ke nuna mutum da yatsa yana jawo zubar da jini.

Damuwata ita ce, da tsoro ya kau, ba mu sa ilimi a gurbinsa ba. An sare kukoki an yi shaguna, an kwashe ƙasar ganuwa an yi tubali, an yanka kufai an sayar da filaye. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da labaran Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, da taimakon malamanmu. Yau kowane ɗalibi yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, amma tsofaffi suna ta tafiya da abin da suka sani.

Don haka ina roƙon ɗalibanmu, idan an yi hutu, kowa ya zauna gaban kakarsa ko wani dattijo na garinsu, ya tambayi wurin da ake tsoro da dalilin tsoronsa, ya ɗauki muryar, ya rubuta sunan wurin da ranar. Ina roƙon dagatai da hakimai su hana taɓa irin waɗannan wurare sai masana sun duba su. Sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu kuma su buɗe ma'ajiyar da za ta karɓi abin da aka tattaro. Allah Ya ba mu ikon yi.